Mai Wankin Asabar

Ranar da na iso, yara suka zagaye ni
suna kira: Blan! Blan!
Na dubi hannuna, baƙi wuluk kamar gindin tukunya.
Madan Selimen ta yi dariya har da riƙe ƙugu,
ta ce a Haiti duk wanda ya ƙetaro teku Bature ne.
To, na zama Baturiya da rana tsaka,
ni da ban taɓa taka ƙanƙara ba.

Wata uku aka ba ni, da alli, da aji biyu,
da ƙararrawar tsohon ƙarfen taya
rataye a reshen mangwaro.
Da asuba addu'a, sai kunun masara mai kirfa,
da rana shinkafa da wake,
jiya haka, gobe ma haka.
Ina koya musu lissafi da gurgun Faransancina,
suna gyara mini Kiriyol
kamar mai gyara wa yarinya ɗaurin zane.

Akwai Jefte, ɗan shekara tara, mai wushirya,
mai ɓoye rabin burodinsa
a gwangwanin madara ƙarƙashin gado.
Sau biyu ina yi masa faɗa: tururuwa, Jefte, tururuwa!
Sai ya sunkuyar da kai. Bai daina ba.
A takardarsa an rubuta maraya.
Hotonsa na can wata ƙasa, manne a firjin wasu bayin Allah
masu aiko kuɗi duk ƙarshen wata.

Kowace Asabar wata mata kan gangaro daga kan dutse,
tafiyar awa uku, takalmi a hannu don kada ya cinye.
Rozlen sunanta. Ba ta da surutu.
Takan zauna bayan kicin
gaban tulin kayan yara arba'in da biyu,
ta cuɗa, ta matse, ta shanya a waya.
Akwai wata shuɗiyar riga da takan bari sai ƙarshe,
ta daɗe a kanta, ko da ba ta da datti.

Rannan na zagaya zubar da ruwa,
sai ga Jefte tsugune a bayan tanki
ya buɗe gwangwani.
Ta karɓa da hannu mai kumfa,
ta gutsura, tana taunawa a hankali, ido a rufe,
kamar ranar jibin Ubangiji.
Ya ce wani abu, ta yi murmushi.
Wushiryar ɗaya ce.

Na nufi ofishin Fasto Dyesel da zafina.
Ya cire tabarau, ya daɗe yana gogewa da bakin riga.
Ya ce, guguwa ta tafi da rufinta da awakinta uku.
Nan akwai allo, akwai tukunya.
In na rubuta yana da uwa, wa zai aiko?
Na ce, ai ƙarya ce, Fasto.
Ya ce, ƙarya ce.
Kin zo da wata tukunyar?

Daren nan ban yi barci ba.
Janareto ya mutu, kwaɗi suka karɓi aiki.
Na buɗe Littafi da tocila ina neman aya
wadda za ta tsaya mini,
duk wadda na taɓa sai ta juyo ta dube ni.

Ranar tafiyata ta faɗo Asabar.
Aka jera su a inuwar mangwaro, an shafa musu mai,
suka yi mini waƙar ban kwana
wadda suka haddace tun kan baƙin da suka gabace ni,
sunan kawai ake sauyawa.
Na yi kuka, aka ɗauki hoto.

Jefte ba ya cikin layi.
Da babur ya zagaya da ni ta bayan katanga,
na hango shi riƙe da bakin zanin gado,
ita riƙe da ɗaya bakin,
suna murɗawa, ruwa na zuba a ƙafafunsu.
Ban ɗaga hannu ba.
Hannuwansu duka huɗu na cikin aiki.